Ozella Mai Hayar Tarkon Aladu

Duk wanda ya tashi a yankin Shilo, can gabashin Texas inda kogin Trinity ke ratsa kurmi, ya san Ozella Tarrant tun kafin ta fara sana'ar tarko. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana jan motar 'yan makaranta, doguwar bas ɗin nan ruwan ɗorawa, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga wa ɗan kowa murya ba. In hayaniya ta yi yawa a baya, sai ta gangara gefen titi ta kashe mota, ta naɗe hannu a ƙirji, ta kafa wa madubi ido. Ba ta cewa uffan. Minti biyu, minti biyar, wata rana har goma, sai ka ji motar ta yi tsit. Sannan ta murza makulli a ci gaba da tafiya.

Gajeruwa ce kakkaura, mai tabarau da igiya a wuya, 'ya ta huɗu a cikin bakwai ɗin da Ambrose ya haifa. A zamanin Ambrose ba a ɗaure alade. Kowa yakan yi wa nasa tsaga a kunne ya sake su cikin kurmin bakin kogi su nemi abincinsu, sai sanyi ya shigo a je a tattaro. Yaran gidan duk ƙyamar aikin suke yi, ban da Ozella, wadda ke bin ubanta da bokitin masara tun ba ta fi bokitin tsawo sosai ba. A nan ta ga abin da yawancin mutane ba su taɓa tsayawa sun gani ba. Garken alade yana da uwa guda, tsohuwa, wadda kowa ke kallo. In ta ci, a ci. In ta tsaya ta ɗaga hanci, kowa ya tsaya. Daga baya doka ta ce kowa ya killace dabbarsa. Aka kama na kamawa, waɗanda suka ɓuya a kurmi kuwa suka koma na daji, suka yi ta haihuwa babu mai lura.

Da Ozella ta ajiye aiki, burinta bai wuce eka huɗun da ke bayan gidansu ba. Ta shuka dankali da kankana, ita da mijinta Cleotis, tsohon mai walda a kamfanin jirgin ƙasa, wanda ciwon gwiwa ya zaunar da shi amma bai taɓa masa baki ba. Shekarar farko sun samu. Shekara ta biyu, saura mako biyu a haƙa dankali, ta fito da sassafe riƙe da kofin gahawa, ta tarar da gonar kamar an ba mahaukaci garma. Ramuka har gwiwa, ganye a watse, dankali a gutsuttsure, an ci rabi an yar da rabi. Ta daɗe a tsaye har gahawar ta huce a hannunta.

Kafin tsakar rana ƙanenta Lonzo ya iso a a-kori-kurarsa, da karnuka shida a baya da bindiga a kujera.

"Yaya, koma ciki ki huta," in ji shi yana gyara hula. "Yau ɗin nan za su san gonar wa suka taɓa."

Da yamma ya dawo da ƙaton alade namiji baƙi mai haure kamar lauje, maƙwabta suka taru ana ta ɗaukar hoto. Kare ɗaya kuma sai da aka kai shi ɗinki.

"Guda nawa ka gani?" Ozella ta tambaye shi.

"Ai sun fi ashirin. Suna jin karnuka kowa ya kama gabansa."

"Ka kashe ɗaya."

"Haba Yaya, dubi girmansa mana!"

"Na gani. Shi ke haihuwa?"

Cleotis, daga kujerarsa a baranda, ya fashe da dariya har da tari. Bayan kwana huɗu aladun suka dawo suka ƙarasa kankanar.

Da a gona abin ya tsaya, da wataƙila ta haƙura. Amma bayan cocin Shilo akwai maƙabarta wadda ta haura shekara ɗari, kakannin da aka 'yanta daga bauta ne suka kafa ta, kuma a nan iyayen Ozella suke kwance. Kowace shekara a ƙarshen watan Oktoba jikoki kan zo daga Houston da Dallas a share kaburbura, a ci abinci a ƙarƙashin itatuwa. Saura wata guda a yi taron, aka kawo Mama Idella, wadda ta fi kowa shekaru a cocin, don ta sa fure a kabarin mijinta. Sai ta tarar da ɓarna. Aladu sun shiga neman tsutsa, sun juye ciyawa kaf, sun kayar da duwatsu. Na mutanen da, waɗanda ba rubutu a kansu, dutsen kogi ne kawai aka kafa, sun turbuɗe su nan da can har ba a san na wa ne a ina ba.

Ranar Lahadi bayan sujada maza suka tsaya shawara. Wannan ya ce a raba kwana a yi gadi da bindiga, wancan ya ce a haɗa karnukan unguwa duka. Ozella ta miƙe daga bencin mata.

"Ku ba ni mako uku," in ji ta. "Sharaɗina ɗaya ne. Kada wanda ya yi harbi, kada wanda ya saki kare, daga nan har bakin kogi."

"To da me za ki kama su, Yaya?" Lonzo ya ce. "Harara za ki yi musu ta madubi?"

Aka kwashe da dariya. Sai Mama Idella ta buga sandarta a daɓe sau biyu.

"Ku maza shekara nawa kuna harbi? Ga sakamakon can a bayan coci, ku je ku gani. A bar 'yar Ambrose ta yi."

A ranar ta yage bayan kalanda ta zana wa Cleotis abin da take so: shinge zagaye na ragar ƙarfe mai kauri, tsayinsa ya kai kafaɗar namiji, da ƙyaure mai faɗi wanda zai faɗo daga sama.

"Me ya sa zagaye?" in ji shi. "Mai kusurwa huɗu ya fi sauƙin haɗawa."

"In akwai kusurwa za su taru a nan, su hau bayan juna su tsallake."

"Oh ni Cleotis! Shekara arba'in ina walda, yau direbar bas ke koya mini aiki."

"Walda na ce ka yi, tsoho, ba wa'azi ba."

Makon farko ba ta kai ko ƙusa wurin ba. Ta cika ganga da masara, ta zuba ruwa da sukari da yis na burodi, ta rufe har ta yi tsami, warinta ya kori Cleotis daga baranda. Kullum la'asar sakaliya takan kai bokiti biyu gefen kurmi a bayan maƙabarta, ta zuba, ta dawo. A shagon abincin dabbobi aka fara cewa Ozella ta buɗe wa aladu gidan cin abinci, saura ta sa musu kujeru. Ta ji, ta ci gaba da kai masararta. Mako na biyu ta fara kafa raga, falle biyu yau, falle biyu jibi, har shingen ya zagaye masarar, aka ɗaga ƙyauren aka tokare shi a buɗe. Cleotis ya kafa mata dandamali a kan wata bishiya, taku hamsin daga wurin, ta inda iska ba za ta kai musu warinta ba, aka ja igiya daga ƙyauren zuwa can.

Mace mai shekara sittin da uku ta riƙa hawa tsani kowace yamma ta zauna, sauro na cinta, ba halin ko mari. Ta ƙirga garken, ashirin da bakwai ne da manya da ƙanana. Ranar farko tara suka shiga. Washegari goma sha biyar. Uwar garken, wata ja mai dogon baki, sai ta tsaya daga waje ta ci wadda ta zube a hanya ta juya. Igiyar na hannun Ozella, amma ba ta ja ba.

Rana ta goma sha tara, rana na gab da faɗuwa, uwar ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta shinshina ƙasa, ta shinshina ƙarfen. Ƙananan suna ciki suna ta rububi, ƙarar taunarsu har kan bishiya. Ta sa ƙafa ɗaya, ta sa ta biyu, ta wuce can ƙurya inda aka tara masarar. Ozella ta ƙirga sau biyu, leɓenta na motsi. Ashirin da bakwai. Ta naɗe igiyar a hannu ta fizga da duk ƙarfinta.

Ƙarar faɗuwar ƙyauren har cikin coci an ji ta. Ƙura ta tashi, aladu suka yi ta zagaye suna dukan raga, suna neman inda za su taru su hau, babu. Waldar Cleotis ko motsi ba ta yi ba. Ozella ta sauko daga tsani, ta zauna a gindin bishiyar, ta cire tabarau ta share fuska. Sannan ta kira ƙanenta a waya.

"Lonzo, yanzu kawo bindigar taka. Ta samu aiki."

Ya zo ya tsaya a jikin shingen ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa, ya cire hula ya sosa kai. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Kai, Yaya!"

Ranar taron shara, aka ɗauko kujera aka dasa wa Mama Idella a tsakiyar maƙabarta. Ita kaɗai ta rage da ta san kwanciyar mutanen da. Samari na ɗauko dutse, tana nunawa da sanda: wannan na Inna Sudie ne, kusa da itacen can, wancan na jaririn gidan Pickens ne, a ƙafar uwarsa. Kafin rana ta yi sanyi kowane dutse ya koma mazauninsa. Aka baje tebura, aka ci gasasshen nama da wake da burodin masara, kuma duk wanda ya zo wucewa ta wajen Ozella sai ya tsaya ya riƙe hannunta.

Tun ba a watse ba aka fara roƙon aron tarko. Ta ba wani maƙwabci, bai yi kwana biyar ba ya ga shida a ciki, zumuɗi ya kwashe shi ya ja igiya. Sauran, su goma sha huɗu, suna tsaye a waje suna kallo, kuma daga ranar ko kusa da raga ba su ƙara zuwa ba. Na biyu ya dawo mata da ƙyauren a lanƙwashe, ya ce tarkon ne ba shi da kyau. Ozella ta kwana biyu tana juya abin a ranta. Ta gane ƙarfen ba shi ne tarkon ba, rabinsa ne kawai.

"Daga yau babu aro," ta ce wa Cleotis. "Haya za a yi, wata-wata. Kuma duk wanda ya ɗauki tarkona, da ni ya ɗauka."

Sharuɗɗanta ba su da yawa, amma ba ta sassauta ko ɗaya. Ba harbi, ba kare, mai gona zai zuba masara a lokacin da ta ce, kuma ba mai taɓa ƙyaure sai ita. Wanda ya karya, ranar za a kwance tarkon. Cleotis ya haɗa na biyu, ya haɗa na uku, yana mita yana walda. 'Yarsu da ke Dallas ta kawo mata kyamarar da ke turo hoto a waya, da na'urar da ke sakin ƙyaure in an danna daga nesa, don haka ta huta da hawa bishiya. Lonzo kuwa ya koma shi ke jan tirela yana kai tarkuna gonaki, ko da yake har yau in ka tambaye shi zai ce maka taimaka wa yayarsa kawai yake yi kafin lokacin farauta.

Mutum ɗaya ne bai zo ba, Doyle Kittrell, wanda ya gaji eka dubu biyu a bakin kogi, da shanu da masara da gyaɗa. A gonar kakan Doyle ne Ambrose, uban Ozella, ya yi ƙwadago. An ji Doyle a shago yana cewa shi ba zai kai matsalarsa wajen tsohuwa mai kejin kaji ba. Sau biyu ya ɗauko jirgi mai saukar ungulu aka yi ta harbi daga sama. Ya sayi tarko mai tsada daga birni, ma'aikatansa suka rufe shi a kan rabin garke. Daga ƙarshe ya daina shuka gyaɗa gaba ɗaya, don a daren da aka shuka ake bin layi a tone irin.

Shekara uku bayan abin maƙabarta, wata safiya a watan Oktoba, sai ga farar motarsa a ƙofar gida. Ya hau baranda da hula a hannu, ƙato da shi, furfura ta fara fito masa.

"Barka da asuba, Mis Ozella. Mista Cleotis."

"Doyle," in ji ta. "Ka girma. Ka daina liƙa cingam a gashin 'yan mata?"

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Shekara shida ya yi yana zama a kujerar da ke bayan direba a motarta, kuma ba don yana so ba.

"Na zo neman tarko ne."

"Kejin kajin?" in ji Cleotis, yana hura gahawarsa.

"Na faɗi haka, Mista Cleotis, kuma na yi kuskure. Mis Ozella, aladu sun gama da ni. Akwai wata tsohuwa mai kunne ɗaya, dabbare-dabbare, ita ke jan su. Ta ga an rufe 'ya'yanta a gabanta. Yanzu ko ƙarfe ta shinshina a hanya sai ta canja hanya."

Ozella ta ajiye kofinta. Kwana uku ta yi tana taka gonar Doyle da dogon takalmin roba, tana bin sawu daga rafi zuwa fili. A rana ta uku ta kira shi ta nuna masa wani tsohon garken shanu na kakansa, shingen ƙarfe wanda ƙaya ta lulluɓe, ƙarafunansa sun yi tsatsa, ƙofarsa ta daɗe da faɗuwa. Hanyar aladun ta bi ta tsakiyarsa sak, ta shiga ta gaba ta fita ta wata ɓaraka a baya.

"Ba zan kafa sabon tarko ba," in ji ta. "Nan ta saba bi tun tana ƙarama, ba ta tsoron wurin. Ƙyaure zan ba ka haya, da kyamara, da idona. Amma sai Janairu."

"Janairu! Mis Ozella, yau fa Oktoba!"

"Kurmi cike yake da 'ya'yan itace. Mai wayo irin wannan tsohuwar ba za ta kula masararka ba. Bari yunwa ta zo tukuna."

Watannin nan ba zama suka yi ba. Cleotis ya jiƙa raga da ƙyaure a taɓon rafi mako guda har warin sabon ƙarfe ya fita. Suka riƙa ƙarfafa tsohon garken kaɗan-kaɗan, falle ɗaya a mako, suna ɓoye shi a cikin ƙaya. Ɓarakar baya ce suka toshe daga ƙarshe, bayan masara ta riga ta kama aladun. Da sanyi ya kankama, kurmi ya bushe, kyamara ta nuna garken duka: arba'in da shida.

Wata safiya, gari ya fara wayewa, suna zaune su uku da Cleotis a motar Doyle, nesa da wurin, injin na kunne saboda ɗumi, wayar na hannun Ozella. Aladu suka yi ta kwarara ciki. Doyle na ƙirgawa da ƙarfi.

"Arba'in da ɗaya, da biyu, da uku. Arba'in da uku! Danna, Mis Ozella!"

Mai kunne ɗaya tana tsaye a waje, da 'yan matan aladu biyu a bayanta.

"Don girman Allah ki danna! Arba'in da uku fa!"

"Arba'in da shida ne."

"Uku kawai! Zan harbe su da kaina!"

"Ka yi shekara biyar kana harbinta. Ukun nan kafin baɗi war haka sun mayar maka da talatin, kuma duk ta koya musu abin da ta sani."

Ta kashe wayar ta sa a aljihu. Doyle ya daki sitiyari, ya ce gonarsa ce, shi ke biya, shi zai ce a rufe. Ozella ta juya ta dube shi ta saman tabarau.

"Gonarka ce. Ƙyaurena ne. In ka ga dama Lonzo ya zo ya kwance shi kafin tsakar rana."

Ya fita ya bugo ƙofa, ya yi ta tafiya cikin raɓar da ta daskare har ya kusa ɓacewa. Cleotis ya buɗe baki zai yi magana, ta ce masa, "Kai ma yi shiru." Can sai ga Doyle ya dawo, ya shiga, ya hura hannuwansa.

"Ki yi haƙuri, Mis Ozella. Yadda kika ce."

Kwana huɗu suna zuwa suna komawa. A na biyar aka tashi da ƙanƙara ta rufe ko'ina, rassan itatuwa na karyewa da kansu, ƙasa ta yi tauri yadda ba alade da zai iya tona ta. Garken ya zo da gudu. Mai kunne ɗaya ta iso daga baya, haƙarƙarinta a waje. Ta tsaya a bakin ƙofa. 'Yan matan biyu suka gaji da jiranta suka kutsa ciki. Ita kuwa ta tsaya, tururi na fita daga hancinta, ta juya kamar za ta tafi, ta sake juyowa. Minti goma sha ɗaya, Cleotis ne ya duba agogo.

Sai ta shiga. Ozella ba ta danna ba. Doyle ya cusa hularsa a baki ya cije. Sai da tsohuwar ta kai ƙurya ta sunkuyar da kai cikin masara, sannan Ozella ta ɗora babban yatsa a kan wayar.

Hoton ya tsaya cak kamar na daƙiƙa uku. Da ya dawo, ƙyauren na ƙasa.

Ihun da Doyle ya yi sai da shanu suka ɗaga kai a can nesa. Ya fito ya yi jifa da hula, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a kan ƙanƙara, ya tashi ya zagayo ya rungume Cleotis har ya ɗaga shi sama, tsohon na ihu, "Gwiwata! Kai yaron nan, gwiwata!"

Da suka isa garken, sauran aladun na ta dukan raga, amma mai kunne ɗaya tana tsaye a tsakiya ba ta motsi, tana kallon mutanen. Ozella ta daɗe tana dubanta. Ta ji daɗi har cikin ƙashinta, amma ba ta yi dariya ba. Da Lonzo ya iso ta ja shi gefe.

"Ita za ka fara yi wa. Harbi ɗaya, kada ka wahalar da ita. Ta riƙe gidanta yadda ya kamata."

A bazarar nan Doyle ya shuka gyaɗa eka ɗari uku, kuma ta fito layi-layi ba giɓi. Da kaka ya kawo buhu biyu ya ajiye a barandarsu, amma abin da ya fi buhunan amfani shi ne bakinsa. Duk inda manoma suka taru, a kasuwar shanu ko a shago, sai ya ba da labarin minti goma sha ɗayan nan, har da yadda ya faɗi a kan ƙanƙara. Manyan masu filaye da ba su taɓa sanin hanyar Shilo ba suka fara tambayar gidan Mis Ozella.

Yanzu shekarunta saba'in da ɗaya. Tarkunanta ashirin da biyu ne, a gundumomi huɗu, kuma ana layi kafin a samu. Ta ɗauki mata biyu aiki, su ma tsofaffin direbobin bas, don ta ce su kaɗai ta yarda za su iya zama su ƙura wa abu ido ba su yi gaggawa ba. Ba ta taɓa yi wa kowa alƙawarin aladu za su ƙare ba. Kogi na nan, kurmi na nan, in an kwashe wani garke, bayan shekara ɗaya ko biyu wani zai gangaro. Abin da take cewa shi ne, bana dai za ka girbe abin da ka shuka. Kuma ana girbewa.

Bara suka sayi sabuwar tirela, doguwa. Cleotis ya ce ba zai yiwu a riƙa yawo da ita fayau ba suna ba, ya sayo fenti, ya rufe kansa a rumfar walda yini guda, ya hana kowa leƙawa. Da yamma ya kira Ozella da Lonzo ya yaye tamfol. A jikin tirelar, da manyan haruffa ja, an rubuta: OZELLA TARRANT DA MIJINTA, HAYAR TARKON ALADU.

Lonzo ya riƙe ciki yana dariya. "Mutane na rubuta wane da 'ya'yansa, kai ka rubuta wance da mijinta? A gari za a kashe ka da tsiya!"

"Su yi mana," in ji Cleotis, yana goge fenti a wando. "Duk mai tsiyar, a jikin me aka rubuta nasa sunan?"

Ozella ta sa tabarau, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

"Harafin ƙarshen nan ya karkace," in ji ta.

"Gwiwa ce, ba na iya durƙusawa."

"To bar shi haka. Lonzo, ɗaura ta a mota tun yau. Gobe da sassafe akwai wata gwauruwa a hayin kogi da aladu suka hana ta noman kankana."